Abin Da Moton Arzika Ya Faɗa Mini

Kwana ashirin da uku, sai ga ƙanena a ƙofar gareji.
Ya jingine moto da bangon nan mai tsaga,
ya ce a aza shayi.
Ruwa bai tafasa ba yaran unguwa suka kewaye shi,
shi kuwa har ya soma hawan Bagzam da baki.

Ni na ja kwalina gefe, na zauna gindin taya.
Matafiyi yana da harshe,
ƙarfe ba shi da shi, don haka nake saurarensa.

Ya ce daga Tawa har Agadas ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba.
To, wa ya lotsa tanki ta hagu,
lotsawa daidai faɗin gwiwa?
Madubin nan ma ba wanda na ɗaura ba ne.

Na buɗe matatar iska, na kaɗe ta a tafin hannu:
ja-ja, wannan ta Abalak ce, na san ta;
fara mai laushi, ta cikin kori;
sai wata baƙa, mai kaushi kamar garin gawayi,
wadda ban taɓa gani ba a shekara talatin ta sana'a.
Na ɗanɗana. Ba ɗanɗanon kowa gare ta ba.

Can yana cewa, ai dutse ba ya ba shi tsoro,
wai mai gadin gandun daji ne ya roƙe shi ya rage gudu,
wai ragunan dawa sun tsaya kallonsa daga kan tsauni.
Burkin baya ya cinye har ƙashi.
A robar hannu ga sawun farce huɗu, sun nutse,
irin riƙon da jinjiri ke yi wa zanen uwa.
Gangara ce, kuma doguwa,
kuma na tabbata ya kira sunan Inna.

Ƙarƙashin sirdi, ɓawon rumman ya bushe,
da ƙwallon dabino bakwai.
Ashe a Timiya ya ci shi kaɗai, tsarabata ɓawo.

Sai na iske abin da ya sa na aje sifana.
Ƙarfen da ke riƙe da salansa ya karye biyu,
wani ya ɗaure shi da waya da tsinken fatar akuya,
ya bi da ƙulli irin na masu ɗinkin sirdin raƙumi,
bai bar ko bakin zare ba.
Na juya shi, na sake juyawa.
Wani maƙeri a bayan duwatsu, ban san sunansa ba,
ya durƙusa inda nake durƙushe,
ya ga wayar da na naɗa bara a jikin buji,
wataƙila ya yi tsaki, wataƙila ya gyaɗa kai.
Gaisuwa ce. Na amsa: ban kwance ba.

Arzika ya ɗago kofi, ya ce, Nomau, nawa ne aikin?
Na ce sai na gwada shi tukuna.

Gwaji a wurina daga gareji ne zuwa kasuwar dabbobi.
Yau na wuce kasuwa, na wuce shingen jandarma,
na kama hanyar Keta da rabin lita da silifa a ƙafa,
har tuddan Adar suka taso gabana,
gajeru, masu kai a baje kamar an yanke da wuƙa.
Ba Bagzam ba ne, na sani.
Na kashe inji. Ƙarfe yana ƙas, ƙas, yana huce zafi.

Na zuba baƙar ƙasar nan daga aljihu a kan ja,
na tura moto zuwa gida.