Garwashin da Ba Ni Na Hura Ba

Shekara goma sha tara ina gasa tsire a Ƙofar Taramniya,
ni ke daka yajin da hannuna,
citta, kanumfari, barkono, ƙuli-ƙuli sabon suya.
Yau shekara huɗu ban kai tsinke ɗaya baki ba.
Labbo, yaron tukubata, shi ke ɗanɗana mini gishiri,
in ya ce ya ji, sai in yarda.

Loma uku ta tuwon shinkafa,
ciki ya cika kamar na cinye rabon mutum biyar.
In sassauta mazagi, in jingina da bango,
gyatsa ta hau, ta sauka, ba ta sauke komai ba.
Ga wani ɗan garwashi a ƙasan ƙirji,
ba ni na hura shi ba,
kuma ruwan randa bai kashe shi.

A babban asibiti aka zura mini roba mai ido ta maƙogwaro.
Likita ta daɗe tana duba allo,
ta ce, Malam Nomau, ba gyambo, ba ƙari,
cikinka ne mai saurin ji,
abin da na wani zai karɓa shiru
naka sai ya kai ƙara.
Na dawo da takardar da ta ce lafiyata lau,
da ciwon a inda yake.

Ige ta jiƙa kanwa, ta dafa sabara,
ta daina sa manja a miya,
yara suka yi ta kumbura baki har mako biyu.
Ranar sunan ɗan ƙanena a Kware
na ture akushi tun ana tsakiyar ci,
aka ce Nomau ya fi ƙarfin abincin ƙauye.
Ban yi gardama ba.
Ciwon da bai fito fili ba, wa za ka nuna wa?

Yanzu ci nake irin na tsuntsu,
kaɗan da hantsi, kaɗan da la'asar,
bayan isha ko fura ba na taɓawa.
Matasai uku a ƙarƙashin kai,
ina jin motocin albasa suna wucewa
har ladan ya yi kiran farko.

Jiya wani direba ya ce, ƙara mini yaji, Baba, kada ka ji tsoro.
Na ƙara masa, na cika takardar.
Na tsaya ina kallon yadda yake tauna,
hayaƙi yana shiga idona.