Aron Baki

A maƙerar Shekarau, bayan kasuwar Auyo,
inda zugazugi ke tari kamar tsohon jaki,
na fara ganin bambaro.
Ɗan ƙarfe ne, bai kai tsawon yatsa ba,
an lanƙwasa masa kai kamar bakin rumbu,
da siririn harshe a tsaka mai rawar ɗari.

Ya ce, "Kakana da gora ya fere nasa
yana kiwo a fadama, bai nemi maƙeri ba.
Ubana ya ƙera da guntun lauje.
Nawa haƙarƙarin laima ne
wadda iska ta karya ran ruwan ƙanƙara."

Na cije, na fizga.
Ƙwas! Gefen haƙorina ya tafi.
Ya yi dariya har ya saki awartaki:
"Wa ya ce maka rake ne?
Bar ƙofa a buɗe, harshe ya wuce.
Ƙarfe murya ɗaya gare shi, kamar buzuzu,
sauran suna kogon bakinka.
Ja iska, ka ji kwaɗin damina.
Sake ta, ka ji zuma a cikin kuka."

Kiɗa ne da ba ya tara jama'a.
Ba a yi masa liƙi, ba a gayyatarsa biki,
taku goma iska ta shanye shi.
Na mai gadin shinkafa ne a kan rumfa
idan jan-baki sun tafi kwana,
ya rage daga shi sai sauro
da amon da ke yawo a ƙashin kansa.

Bana na koma. Toka ta yi sanyi,
jikoki na gyaran babur a Haɗeja,
kaza ta yi ƙwai a gindin uwar maƙera.
Bakinsa saura turame biyu.
Ya zaro abin daga aljihun taguwa,
naɗe da tsumma mai man gyaɗa.
"Dasashi ba ya riƙe ƙarfe," ya ce.
"Ara mini baki."

Na kafa shi a kan tsohon giɓina.
Ya miƙo yatsa mai kanta, mai warin gawayi,
shi yana kaɗawa, ni ina numfashi.
Ya lumshe ido, yana motsa nasa harshen
a bakin da ba komai.
Kwaɗin suka zo. Zumar ta ƙi.

"Har yanzu kana da gaggawa," ya ce.
"Sake."