Lamba Tara a Takardar Tsire

A Fagge aka naɗo masa tsire
cikin yagaggiyar jaridar Ikko.
Ya cinye naman, ya lashe yajin,
sai ga mutum a sama, ƙafa biyu sun bar ƙasa,
ƙwallo a gaban goshinsa kamar tana jiran izini.
Mai ya cinye sunan.
Abin da ya rage: Birazil, da tara a gadon baya.

Baffa Datti yana ɗan sha bakwai a lokacin,
yana dakon buhu a gindin dalar gyaɗa.
Wani Kwara mai kanti ya karanta masa guntun da ya tsira:
wai ɗan mai wankau ne,
da lemon tsami ya fara, ba takalmi,
ya ci ƙwallo ɗari biyu da 'yan kai,
aka sayar da shi ƙetaren teku
kamar bijimi a kasuwar Wudil.

Shi ke nan fa.
Baffa ya ɗinka tara da zaren buhu a bayan singileti,
ya buga wa 'yan reluwe shekara shida.
A filin Sabon Gari in ya tashi sama
sai dai 'yan baya su ga tafin ƙafarsa.
Birazil! Birazil! in ji 'yan kallo,
shi kuwa ko Zariya sau biyu ya taɓa zuwa.

Ladansa kofin tangaran, da keke na bashi,
da gwiwar da aka goce masa wata Asabar ana yayyafi.
Mai ɗori ya yi nasa.
Ƙafa ta ce ta gama.

Yanzu faci yake yi a Ƙofar Mata.
Yara kan kawo ƙwallon da ƙusa ta huda,
ya tsoma ta a ruwa, ya bi kumfa har ramin,
ko sisi ba ya karɓa.

Jiya na ce, Baffa, a waya zan nemo maka sunansa,
da shekarar da ya ajiye takalmi,
da inda aka binne shi.
Ya daɗe yana murza roba.
Ya ce, bar shi.
In ka nemo za ka tarar ya tsufa,
ko ya mutu da bashin mai kanti.
Nawa bai sauko ba tukuna.

Ya ninke takardar, ya mayar cikin gwangwani,
ya ce, miƙo min famfon can.