Kujera Ta Sha Bakwai

Da kuɗin shayina na sayi tikiti,
na zauna can baya, kujera ta sha bakwai,
a tsohon silima na bayan kasuwar kifi a Makau.
Ruwa na dukan kwano kamar mai bin bashi.

A kan allo mutum huɗu ne, an sha kwat,
takalma na ƙyalli, ba mai gumi.
Mu kuwa da aka ari labarinmu
warin man inji muke yi da albasa.
Anacleto direba na fama da basir,
ba ya minti goma bai muskuta ba.
Vong mai buɗe makulli hannunsa rawa yake
sai ya kurɓi wani abu daga kwalbar maganin tari.
Duk wannan ba su sa a fim ba.

Gidan cacar dai sun kama shi daidai:
fitilu kamar an zazzage taurari a faranti,
ba taga, ba agogo,
kada mai hasara ya san gari ya waye.
Jan kafet mai shanye sawun ƙafa,
da 'yar ƙwallon nan mai zagaye faifai
tana neman wanda za ta tuɓe.

Sai ga Pek-Lan, mai raba karta.
Sun sa mata jar riga tsagaggiya har cinya,
sun ba ta idon mage da murmushin reza.
'Yan kallo suka fara tsaki tun ba ta buɗe baki ba.
Wani yaro a gabana ya ce wa budurwarsa,
"Ita ce. Sa ido. Ita za ta sayar da su."
Ya canka. Haka aka rubuta.
Ta ɗaga waya a bayan labule,
jiniya ta cika titi, aka tare gada,
Vong ya kife kan jaka, kuɗi na tashi kamar fara.
Da aka sa mata ankwa, silima ta ɗauki tafi.

Ni ban tafa ba.
Pek-Lan da na sani takalmin roba take sawa,
da robar ɗaure kuɗi take tufke gashi,
takan kai wa uwarta romon kifi asibiti kafin aiki.
Ita ta ƙirga taku daga tebur zuwa ɗakin ajiya,
ɗari da goma sha ɗaya,
ta rubuta min da biro a tafin hannu.
Shekara tara ta yi a gidan yari.
Sun juya ta, sun matse ta,
ba ta furta sunana ba.

Wayar a shagon mai gyaran agogo take,
baƙa, mai igiya, tana warin taba.
Na sani, don ni na ɗaga ta.
An yi min alkawarin yafe bashin caca,
da kwalekwale, da sabon suna.
Bashin an yafe. Kwalekwalen ya ruɓe.
Sunan ne har yau bai zauna min ba,
kamar haƙorin roba a bakin wani.

A fim ɗin ni ne mai kuka a bakin teku,
amintaccen da aka ci amanarsa,
har da goge ana ja a hankali.
Ɗan wasan ya fi ni tsayi, ya fi ni haƙora.
Tsohuwar da ke gefena ta yi hawaye dominsa.
Na miƙa mata hankici. Ta yi godiya.

Aka kunna fitila, sunaye na hawa sama.
Na nemi nata, ashe shi ma an canza.
Mai shara ya iso layina da tsintsiya,
ya ce, "Tsoho, an tashi."
Na ce na sani.
Na duba tafin hannuna, fes, ba komai.
Amma daga kujerar zuwa bakin titi
ƙafata ta yi ta ƙirga da kanta,
ta kai ɗari da goma,
ta tsaya a cikin ruwa.