Kalma Ɗaya a Ƙasan Kundi

Ƙarfe ɗayan dare a Dadin Kowa.
Injin ban-ruwa ya yi shiru, sauro bai yi ba.
Na buɗe kundin ƙungiyar manoman shinkafa,
wanda na gina bara a kwamfutar nan,
ƙwarya cikin ƙwarya:
ƙungiya, cikinta shiyya,
cikin shiyya fadama, cikin fadama gona,
cikin gona mai ita,
can ƙasan sunansa kalma ɗaya.

Gona ta sittin da bakwai. Gidado Hammayo. Babana.
Yana noma? E.

Shekaranjiya aka yi sadakar arba'in.
Sakatare ya ce in gyara kafin rabon taki.

Harshen da nake gini da shi bai san kankara ba.
Abin da aka ajiye ya ajiyu,
ba a zura hannu ta bakin tulu a sauya masa gindi.
Mai son a'a a gurbin e
sai ya ƙera sabon mutum ya ɗora masa ita,
ya share sabuwar gona ta riƙe mutumin,
sabuwar fadama ta riƙe gonar,
yana hawa yana gini har ya fito baki.

Ina ɗaliba a Kashere na tsani hawan nan.
Daga baya na koyi ɗaura guga:
igiya ɗaya ta san hanyar sauka,
ita ce kuma ta san hanyar dawowa.

Na saki igiyar.
Ba ta taɓa gonar Inna Dudu ba,
ba ta leƙa ta Barkindo mai bashin buhu uku ba.
Sabon kundi da tsoho sun haɗa su,
kamar gida biyu masu katanga ɗaya.
Hanyar da ta bi zuwa wurin Baba kaɗai aka sake.

Yanzu kundi biyu ne a gabana.
A ɗaya an rubuta a'a, takinsa zai koma wa ƙanena.
A ɗayan yana nan, wando a naɗe zuwa gwiwa,
yana faɗa da tsuntsaye.

Na san dokar injin:
abin da ba mai kiransa, mai shara zai kwashe.
Sai na raɗa wa tsohon suna,
na ce daminar bara,
na bar shi a layi na tara, ba ya aikin komai.

Gobe in an tambaya, zan ce mantuwa ce.