Sallama Kafin Tsinka

Kakata Eufrasia ba ta tsinkar ganye
sai ta yi masa sallama.
Can saman Lares, a tsaunukan Peru,
inda numfashi ke tsada,
ƙanƙara ke kwana kan dankali,
takan durƙusa gaban munya
kamar mai gaida surukai:
"Kin tashi lafiya? Yaya sanyi?
Jikan Sabino ne cikinsa ke murɗa,
na zo roƙon ganye bakwai."

Sai ta yi shiru.
Shirun nan ya fi komai ba ni haushi,
ni da yatsuna suka sandare a aljihu.
Me take jira? Ciyawa ta ce "shigo"?

Ta ƙirga bakwai, ba takwas ba.
Ta tona rami da ɗan yatsa,
ta sa ƙwayar masara uku, ta rufe.

Ina shekara tara na tumɓuke ruda da saiwarta,
don sauri, don hadari ya haɗo.
Ba ta dake ni ba. Da ma dukan ta yi.
Ta tasa ƙeyata cikin yayyafi,
muka sake hawan dutsen nan,
na mai da saiwar raminta,
na danna ƙasa da tafin hannu,
na ce "yi haƙuri" ga abin da ba shi da kunne.
Ta ce, "Sake faɗa, ba ta ji ba."
Na ce, "Ta yaya kika sani?"
Ta ce, "Ni ma ban ji ba."

Daga baya na tafi Lima,
na sa farar riga,
ina ƙirga ƙwayoyi a kantin magani.
Na haddace sunayen ganyaye na cikin littafi,
na rubuta mata shafi uku ina bayani.
Maƙwabci ya karanta mata.
Amsarta layi ɗaya:
"Madalla. Su sun san sunanki?"

Ta rasu a watan Yuli.
Gadona bargo ja, wuƙa mai karyayyen baki,
da gwangwanin madara da ruda a ciki.
Kawu Teofilo ya riƙo shi kan cinya,
yini da kwana a mota, bai yarda an sa a kaya ba.

Na ajiye ta a taga, hawa na huɗu.
Wata biyu ina ba ta ruwa
kamar mai biyan haraji.
Ta yi rawaya, ta fara zubar da ganye.
Na canza ƙasa, na sayo taki,
a banza.

Daren da 'yata Zoila ta ƙi barci,
ta sha abin da likita ya rubuta,
zazzaɓi ya sauka, kuka bai sauka ba,
na tuna reshen da ake sa mini ƙarƙashin matashi.
Na je taga, na miƙa hannu,
hannun ya ƙi ƙarasawa.
Na waiga ko mijina ya farka.
Na rage murya:
"Kin yini lafiya?
Nilda ce. Wadda ta tumɓuke uwarki."

Sai na yi shiru.
Motoci na wucewa a ƙasa.
Cikin shirun na ga rassanta duka
sun karkata gefe guda,
wajen hasken da bango ya tare musu.
Wata biyu tana nuna mini da hannu.

Na tsinki ganye ɗaya.
Masarar gona babu,
sai ta gugguru a kwalba,
na ɗebi uku, na binne a gwangwani.
Zoila ta yi barci wajen asuba.
Ban ce ganyen ne ba.
Da safe dai na mai da ruda ɗaya tagar,
na tambaye ta ko nan ya fi.