Ranar da Aka Ƙirga Mu

Sun cire motar ƙarfe biyar na asuba,
ba sallama, ba ban-kwana.
Takarda ce kawai a jikin rumfar jira,
ruwan Hull ya jiƙa ta har rabin kalmomin sun zuba:
"Saboda ƙarancin fasinja."

Ƙaranci? Ni fa?
Doreen fa, mai goge daɓen asibiti,
da gwiwarta mai kuka kamar tsohuwar ƙofa?
Samarin Poland uku na masana'antar kifi fa,
masu barci a zaune, kai bisa kafaɗar juna?
Mu goma sha tara ne. Na sani,
don ni ke zama can baya,
ina jan carbi, ina ƙirga ƙeya.

Wata biyu ina taka sayyada zuwa gidan tsofaffin da nake aiki,
iskar Humber tana yankan kunne.
Ban ce uffan ba. A inda na tashi
ba a tambayar hukuma dalili.
In ta taka ka, kai ke ba da haƙuri
don ƙafarka ta shiga ƙarƙashin takalminta.

Barira ce, autata, ta ɗago kai daga littafi:
"Baba, akwai doka. Rubuta musu kawai.
Ba sai ka faɗi dalilinka ba.
Kwana ashirin na aiki, dole su amsa."
Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni.
Dole? Yaushe ɓera ya fara cewa kyanwa ta kawo lissafi?

Ta jawo kwamfuta. Na ce ta fara da
"Ranku ya daɗe, ina durƙuso ina neman alfarma."
Ta rubuta, ta dube ni, ta goge.
Abin da ya rage busasshe ne kamar kilishi:
"Wace rana kuka ƙirga fasinjan? Nawa kuka samu?
Ku turo takardun."
Sai sunana a ƙasa, Sama'ila Ɗangulbi,
shi kaɗai, ba ɗan rakiya.

Ban yi barcin kirki ba.
Duk ƙwanƙwasa ƙofa sai in ce shi ke nan, sun zo.
Mai karanta mita ne.
Ko Doreen, tana tambaya ko an ji wani abu.

Ana saura kwana ɗaya amsa ta iso,
shafi goma sha ɗaya.
An rufe sunaye da baƙin tawada,
layi-layi, kamar an shanya gawayi.
Amma lambobi ba su sami mayafi ba.
A shafi na bakwai na same ta zaune:
ashirin da bakwai ga Disamba,
gari bai farfaɗo daga Kirsimeti ba,
masana'anta a kulle, shaguna a kulle.
Fasinja: biyu.

Ɗaya Doreen ce, asibiti bai san hutu ba.
Ɗayan ni ne.
Na ma tuna saurayin, da biro da ɗan allonsa,
hancinsa ja wur don sanyi.
Na miƙa masa dabino ya karɓa, ya yi godiya,
ashe yana rubuta cewa babu mu.

Motar ba ta dawo ba tukuna.
Doreen ta buga shafin kwafi arba'in,
ta ce ran Alhamis za mu kai zauren majalisa,
ta ce in sa babbar riga don su ga girman abin da suka kasa ƙirgawa.
Nawa kwafin yana aljihun gaba,
ya fara laushi a wajen ninki.

Jiya da dare Barira ta fito shan ruwa
ta tarar da ni gaban kwamfuta,
da yatsa ɗaya, ina farautar haruffa.
Ta ce, "Baba, me kuma?"
Na ce, "Wa ya zaɓi ranar nake son sani.
Je ki kwanta. Wannan ni zan rubuta."